Gani Ya Kori Ji: Shekarar Ƴan Makaranta Kurame a Bakin Komadugu

1. Yaron da ba ya ji

A garin Difa, kamar a kowane gari, akwai yaran da ba su ji. Ɗaya kurma, da yawa kurame. Waɗansu haka aka haife su. Waɗansu kuwa suna ji da farko, sai ciwo ya kashe musu kunne, kamar sanƙarau, ko ƙyanda, ko ciwon kunne mai mugunya wanda aka yi sakaci da shi. Yaron da bai taɓa jin magana ba, da wuya ya kwaikwaye ta. Shi ya sa mutane ke ce mishi bebe. Amma hankalinsa cikakke ne, idonsa kuma ya fi na mutane da yawa lura.

Kurame suna da harshensu, ana ce mishi maganar hannu. Da hannu, da fuska, da motsin jiki suke gaisuwa, suna ciniki, suna hira, har su yi gardama. Wata mai bincike daga Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta koyi maganarsu, ta rubuta littafi bisa kanta a shekarar 2000.

Karantar da kurame ya daɗe a duniya. Wajen shekarar 1760, wani malamin Faransa mai suna Abbé de l'Épée ya buɗe musu makaranta a birnin Paris, yana koya musu da hannu. A Afirka, wani kurma baƙar fata daga Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makaranta a Gana a 1957. Kafin ya rasu a 1987, ya kafa makarantu 32 cikin ƙasashe 13. A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. A Nijar, makarantar kurame ta Yamai ta soma aiki a 1980, daga baya aka buɗe waɗansu a Damagaram da Maraɗi.

Amma daga Difa zuwa Damagaram ya fi kilomita 400, zuwa Yamai kuwa ya fi kilomita 1,300. Iyaye kaɗan ne za su iya kai ƙaramin yaro wuri mai nisa haka. In makarantar garinsa ba ta karɓe shi ba, sai yaron ya girma bai san ko harafi ɗaya ba. To, ga yadda aji mai kurame a bakin Komadugu zai iya tafiyar da shekararsa, da kayan da ƙasa ke bayarwa kowane lokaci, ba da sayen kome mai tsada ba.

2. Yadda kalma ke shiga ta ido

Yaro mai ji ya san kalmar "kifi" tun kafin ya zo makaranta. Malam na nuna mishi haruffa, sai ya haɗa su da abin da kunnensa ya sani. Kurma ba ya da wannan gada. Wajibi ne a gina mishi wata, mai mataki biyar.

Na ɗaya, a ba shi abin a hannu, ya taɓa, ya juya, ya sansana.
Na biyu, a yi alamar abin da hannu. In akwai babban kurma a unguwa, shi ake tambaya alamar da kuramen garin suka saba da ita.
Na uku, yaro ya zana abin bisa allo.
Na huɗu, malam ya rubuta kalmar ƙarƙashin zanen, yaro ya kwafa, ya kuma jera haruffanta da yatsu.
Na biyar, a sa kalmar cikin jimla gajera.

Saboda haka aikin hannu da rubutu tare suke tafiya. Abin da yaro ya ƙera da kansa, sunansa ba ya ɓace mishi. Masu magana sun ce gani ya kori ji.

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ƴan makarantun gwaji ke karatu da harshen gida tare da Faransanci. A allon ajin kurame gida uku ake tsagawa: na zane, na Hausa, na Faransanci. Alamar hannu ita ke riƙe da su duka.

3. Kaka

Ana komawa makaranta cikin watan Oktoba, daidai da kaka. An yanke hatsi, kara ya yi yawa a gonaki. Kowane yaro ya zo da kara biyar, da ɗan hatsi, da dawa, da wake cikin tsumma.

Aikin farko shi ne ƙera da kara. A ɓare bayan karan, a yanka shi sili-sili. Farin cikin nan mai taushi a yanka shi gunduwa-gunduwa. Da silin ake soke gunduwa, a haɗa ta da wata. Haka ake yin mota, da gado, da rumbu, da kejin tsuntsu. Kowane abu in an gama, sai a rubuta sunansa bisa ƴar takarda, a ɗaura mishi da zare. Mai motar ya rubuta sunansa shi ma. Sunan kansa shi ne kalmar da kurma ya kamata ya fara iyawa, sannan sunan mahaifinsa, da na unguwarsu.

Aiki na biyu, haruffan tsaba. Jihar Difa tana da itacen dakwara mai ba da ƙaro. A jiƙa ƙaro awo ɗaya cikin ruwa awo biyu, a bar shi ya kwana, a tace da tsumma. Ya zama abin liƙi. Malam ya zana babban harafi bisa kwali, yaro ya shafa ƙaro bisa zanen, ya jera tsabar wake ko ta dawa. In ya bushe, sai yaro ya rufe ido, ya bi harafin da yatsa, ya gane shi.

Ƙarshen kaka kowane yaro ya rubuta jimla uku, kamar haka:

An yanke hatsi.
Baba ya cika rumbu.
Na yi mota da kara.

4. Ɗari

Daga Disamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi ke busowa daga hamada, tana ɗauke da ƙura. Ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa, amma kogi yana da ruwa. Wannan abin mamaki ne, ya kuma cancanci darasi.

A harshen Barebari, "komadugu" na nufin kogi. Ruwan Komadugu Yobe daga Nijeriya yake fitowa. Kogin Haɗeja daga wajen Kano, da kogin Jama'are daga tuddan Jos, su ne suke haɗuwa su haife shi. Ruwan yana daɗewa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya bi ta Gashuwa da Gaidam. Wajen kilomita 150 na ƙarshe shi ne iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya, har ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Saboda doguwar tafiyar nan, kogin ya fi cika a Difa tsakanin Oktoba da Disamba. Madatsar Tiga da aka gina a 1974, da ta Calawa a 1992, suna tare wani kashi na ruwan tun daga can sama.

Yara su yi taswirar kogin a filin makaranta. A ja layi bisa rairayi, a shimfiɗa igiya ta zama kogi. A aje dutse a wurin kowane gari, a kafa tsinke mai takarda da sunansa: Maine Sorowa, Shetimari, Difa, Geskeru, Boso. Yaro ɗaya ya ɗauki ƙaramar gora, ya bi igiyar, kamar masuntan da ke hawa gora suna kamun kifi. Duk garin da ya iso, sai ya tsaya ya jera sunan da yatsu.

Ɗari kuma shi ne lokacin tattasai. Manoman kwarin Komadugu suna shuka iri da damana, su dasa, su yi ban ruwa daga kogi. Dā da jigo ake ɗebo ruwa, yanzu da injin ban ruwa. In tattasai ya nuna, sai a tsinke, a shanya a ƙasa har wuri ya yi ja wur. In ya bushe a ɗura a buhu, a kai kasuwannin Nijar da na Nijeriya. Saboda kuɗin da yake kawowa, har jan zinariya ake ce mishi.

Yara su zo da busasshen tattasai. A soke goma-goma da allura da zare, a rataye a bango. Kowane zare goma, zare goma ɗari. Da haka ƙirga ke shiga. Sai a buɗe kasuwar wasa cikin aji. Mai saye ya rubuta abin da yake so bisa allo, mai sayarwa ya rubuta kuɗinsa, a yi ragi, a rubuta abin da aka daidaita. Bayan aikin tattasai kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska. Ido shi ne kunnen kurma, wajibi ne a kiyaye shi.

5. Rani

Wajen watan Maris kogi ya janye, sai tabkuna nan da can. Inda ruwa ya kwanta, ya bar yumɓu mai kyau. Yara ba su zuwa ɗiba su kaɗai. Tun daga 2015, da rashin zaman lafiya ya shigo yankin, bakin kogi ba wurin yawon yara ba ne. Iyaye ko maginan tukwane su ke kawo yumɓun makaranta.

A daka yumɓu, a tsince tsakuwa, a zuba ruwa kaɗan kaɗan, a cuɗa da ɗan ƙaiƙayi don kada ya tsage. Yara su gina tukunya, da tulu, da raƙumi, da doki, da saniyar Kuri mai manyan ƙahoni, irin ta tabkin Cadi. A shanya su a inuwa kwana uku. In aka sa su a rana tun suna ɗanye, fashewa za su yi.

Babban aikin rani shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Mai ji yana rarrabe "kara" da "ƙara" da kunnensa. Kurma kuwa ƴar lanƙwasar nan kaɗai ke gaya mishi bambanci. In bai lura da ita ba, zai rubuta wani abu alhali wani yake nufi. Saboda haka a murza yumɓu kamar igiya, a gina k, a gina ƙ, a aje su gefe da gefe. Yaro ya shafa kan kowane, ya ji inda ya lanƙwashe. A yi haka ga b da ɓ, da d da ɗ. Sannan a jera kalmomi biyu biyu, kowace da zanenta:

baki, baƙi
karo, ƙaro
dari, ɗari
bari, ɓari

Da rani da bazara sanƙarau ya fi kama mutane a ƙasashen Sahel. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sandarewar wuya. Wanda ya warke daga gare shi, wani lokaci ya kan rasa ji. A 2010 aka soma wani sabon rigakafi a Nijar, da Mali, da Burkina Faso, wanda ya rage irin sanƙarau da ya fi yin ɓarna a dā. Amma akwai sauran iri. Yara su zana manyan takardu na gargaɗi, su rubuta da tawada: "A kai mai ciwon wuya likita da sauri." "Kada a sa tsinke a kunne." Tawadar ma su ke yin abarsu, da baƙin tukunya da ruwan ƙaro, su feƙe alƙalami da kara, kamar na makarantar allo. A liƙa takardun a ƙofar makaranta.

6. Bazara

Afirilu da Mayu zafi ya kai matuƙa. Aikin da ya dace shi ne mafici. Goruba tana da yawa a ƙasar Manga da kwarin Komadugu, ganyenta kuma shi ne kaba. Da kaba ake saƙa tabarma, da faifai, da malfa, ana tufka igiya. Mai yankan kaba ba ya ƙwaƙule tsiron duka, yana barin na tsakiya don ya sake tohowa.

A shanya kaba, a tsaga ta siriri daidai da juna, a jiƙa ta don ta yi laushi. In ana son ja, a dafa wani kashi da karan dafi. Makaranta ta gayyato wata tsohuwa mai saƙa daga unguwa. Ba ta bukatar magana: ta zauna, ta saƙa sannu sannu, yara na duban yatsunta. Sau da yawa kurma ke riga kowa kamawa, domin ya saba da koyo ta ido.

In an gama, kowane yaro ya rubuta yadda aka yi mafici, daki-daki. Nan ake koyon kalmomin jeri: da farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe. Kalmomi irin waɗannan sun fi ba kurma wuya, domin ba a iya ɗaukarsu a hannu kamar kifi ko tattasai. Amma wanda ya yi aikin da kansa ya san abin da ya riga wani, sai kalmar ta sami wurin zama.

Kafin a rufe makaranta a watan Yuni, yaro ya tattara takardunsa na shekara. A huda gefensu, a ɗinke da zare, a yi bango da kwali. Ya rubuta bisa bangon: "Littafina na shekara." Shafin ƙarshe wasiƙa ce zuwa gida. Ga irinta:

Zuwa ga Inna.
Gaisuwa mai yawa. Na gama aji. Na iya rubuta sunanki. Na saƙa miki mafici. In ba ni da lafiya, zan rubuta inda ke yi mini ciwo.
Ni ce ɗiyarki.

In uwar ba ta karatu, ɗan'uwan yarinyar ya karanta mata. Wata uwar, ranar ce za ta fara jin maganar ɗiyarta kalma bayan kalma.

7. Damana

Damana lokacin hutu ne, amma littafi ba ya hutu. Ruwan Difa kaɗan ne, wajen milimita 300 a shekara, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta. Kowane yaro ya tafi gida da ƙaramin kaye da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki. Ya aje gwangwanin a fili, nesa da itace da indararo. Duk ranar da aka yi ruwa, ya tsoma tsinke, ya auna tsawon jiƙar da abin awo, ya rubuta kwanan wata da adadin. Ya shuka wake uku a bayan ɗaki, ya zana su sau ɗaya kowane mako, ya rubuta jimla ɗaya ƙarƙashin zanen. In an koma makaranta, a haɗa kayen kowa, a ga unguwar da ta fi samun ruwa.

8. Amfanin wannan aiki

A watan Oktoba na 2019 Komadugu ya yi ambaliya. Ya ci gonakin tattasai da na shinkafa, ya kori dubban mutane daga gidajensu. A irin wannan rana, rediyo ke ba da labari, mai shela kuma na zagaya unguwa. Kurma ba ya jin ko ɗaya. In ya iya karatu, kalma uku bisa takarda sun isa su tashe shi: "Ruwa na zuwa." In ya ɓace cikin taron masu gudu, ya rubuta sunansa, da na mahaifinsa, da na garinsu, a maida shi ga danginsa. A likita ya rubuta ciwonsa. A kasuwa ya rubuta kuɗin tabarmarsa, ba mai cutarsa.

Ƴan makaranta masu ji su ma suna da nasu aiki. Mai son magana da kurma ya taɓa kafaɗarsa a hankali, ko ya ɗaga hannu inda zai gani. Ba a jifarsa da tsakuwa, ba a jan rigarsa. Mai magana ya fuskance shi, ya tsaya inda haske ke bisa fuskarsa, kada ya rufe baki, kada ya yi ihu. A aji a jera tebura kamar rabin wata, don kowa ya ga hannun kowa. In an buga ƙarfen tashi, a ɗaga tuta tare. Bisa babbar hanya, mai ji ya bi ta gefen motoci, domin abokinsa ba ya jin ham. Ran 23 ga Satumba na kowace shekara, tun daga 2018, ita ce ranar maganar hannu ta duniya. Amma wanda ke zaune kusa da kurma a aji, kullum yana iya koyon alama ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kalmomi cikin harshe biyu

kurma : le sourd
kogi : la rivière
hatsi : le mil
tattasai : le poivron
yumɓu : l'argile
ƙaro : la gomme arabique
mafici : l'éventail
wasiƙa : la lettre

Tambayoyi

1. Waɗanne cututtuka ne ke iya kashe ma yaro kunne?
2. Me ya sa makarantar garin yaro ta fi dacewa ta karɓi kurma?
3. Ku faɗi mataki biyar da ake bi wajen koya ma kurma sabuwar kalma.
4. Daga ina ruwan Komadugu ke fitowa? Ina yake ƙarewa?
5. Don me kogin ke cika bayan ruwan sama ya ɗauke?
6. Me ya sa haruffa masu lanƙwasa ke bukatar lura ta musamman?
7. Ta wace hanya rubutu zai taimaki kurma ranar ambaliya?

Aiki

a) Ku zo da kara, kowa ya ƙera abu ɗaya, ya rubuta sunansa da Hausa da Faransanci.
b) Ku nemo kalmomi biyu biyu har kashi biyar, waɗanda lanƙwasa kaɗai ta raba su.
c) Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya gaya ma ɗaya abin da ya ci jiya da dare, ba da buɗe baki ba. Na biyun ya rubuta abin da ya gane bisa allo.
d) In akwai kurma a unguwarku, ku gaishe shi, ku roƙe shi ya koya muku alama biyar. Ran Litinin ku nuna ma sauran ƴan aji.